Baje Kolin Fasahar Nok a Ɗakin Karatun Karkara: Nazari Daga Kwoi

Gabatarwa

Kwoi shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, kuma a wannan yanki ƙauyen Nok yake. A wannan maƙala zan duba yadda ɗakin karatu na karkara zai kusanto da kayan tarihin Nok ga mutanen yankin, da rawar da ɗalibin harshe zai taka.

Tarihi a Taƙaice

A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin gasasshen yumɓu a Nok. Bernard Fagg ya nazarci irin waɗannan kaya tun daga 1943, ya kuma kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952. Masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun fara bincike a 2005, suka nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. An baje kolin kayan a Frankfurt a 2013. To amma yaro ɗan makaranta a Kwoi fa, a ina zai gan su?

Abin da Za a Baje

Dokar 1979 ta ɗora kula da kayan tarihi a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Saboda haka, hotuna da kwaikwayon da maginan tukwane suka yi sun wadatar, tare da zanen ɗalibai. Lokacin bikin Tuk Ham, da 'yan gari ke dawowa gida, ya fi dacewa da buɗewa.

Aikin Ɗalibin Harshe

A ganina, kowane hoto yana buƙatar gajeren bayani da Hyam da Hausa da Ingilishi. A kula da kalmomi biyu:

1. Gunki: tana nuni ga abin bauta, tana iya sa Kirista da Musulmi su ja baya. "Mutum-mutumi" ta fi dacewa.

2. Jaba: sunan da Hausawa suka ba mutanen ne. Su kuwa Ham suke kiran kansu, shi ya kamata a rubuta.

Kammalawa

Masu haƙar sata sun daɗe suna kwashe kayan Nok zuwa Turai. Manomin da ya karanta darajarsu da harshensa zai fi saurin sanar da hukuma idan fartanyarsa ta ci karo da su a gonar citta. Wannan bayani kuwa mu ɗaliban harshe ne za mu rubuta shi.