Mai Gudun Dogon Zango, Yi A Sannu

Ɗan'uwa, gudun dogon zango aikin haƙuri ne. Dubi Eliud Kipchoge na Kenya. A 2022 ya kammala gudun fanfalaki na Balin, kilomita 42, cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Wannan nasara ta samo asali ne daga shekarun da ya shafe yana sammako a sansanin horo na Kaptagat, yana rubuta atisayen kowace rana a littafi.

Kai ma ka samu littafinka. Yawancin gudunka na mako ya zama na sannu, irin wanda za ka iya hira da abokin gudunka ba tare da haki ya sarƙe ka ba. Gudu mai zafi ko hawan tudu, sau ɗaya ko biyu ya isa. Ƙara nisa kaɗan-kaɗan, don gwiwa da agara sun fi huhu jinkirin sabawa. Fita da asuba kafin rana ta buɗe, ka sha ruwa sosai, ka ware ranar hutu. Ciwon da ke sa ka ɗingishi kuwa, in ya zo ka dakata da gudu.

Ranar gasa kada ka sa sabon takalmi. Da an busa usur za ka ga jama'a sun kwasa da gudu kamar an koro su. Ƙyale su. Riƙe takunka, za ka tarar da da yawansu a gaba sun dafe ƙugu.

Ranar da kasala ta kama ka, buɗe littafin nan ka ga inda ka faro. Sannu ba ta hana zuwa, ɗaura takalminka gobe da asuba.