DARASI: Yadda Ake Gane Darajar Tsoffin Kuɗin Azurfa

A gidaje da yawa na karkara akwai tsoffin kuɗin ƙarfe a ajiye. Waɗansu suna cikin adaka. Waɗansu suna ƙulle a tsumma, cikin tukunya, a ƙarƙashin gado. Ba a tuna su sai ranar rabon gado, ko ranar da wata larura ta taso. A nan ne ake yin asara iri biyu. Wani ya ba da azurfa a kan kuɗin goro, don bai san abin da yake riƙe da shi ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Wani kuma ya ji jita-jita, wai sulensa guda zai sayi mota. Ya sayar da akuya, ya yi kuɗin mota zuwa birni, ya dawo da sulensa a aljihu.

Daraja biyu ce

Tsohon kuɗin azurfa yana da daraja iri biyu. Ta fari ita ce darajar azurfar da ke jikinsa. Wannan sikeli ne ke faɗinta. Ita ce maƙeran fari suke saye, su narke, su ƙera zobe ko munduwa.

Ta biyu ita ce darajar da masu tara tsoffin kuɗi suke ba shi. Waɗannan mutane ne masu sha'awar tarihi. Suna sayen kuɗi su jera, ƙasa-ƙasa, shekara-shekara. Ba narkewa suke yi ba. Da yawansu suna ƙasashen Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa.

Kowane kuɗin azurfa yana da daraja ta fari. Kaɗan ne ƙwarai suke da ta biyu. Tsufa shi kaɗai ba ya kawo ta.

Waɗanne ne na azurfa?

Ba kowane farin kuɗi ne azurfa ba. Kama da wane ba ta wane. Shekarar da aka rubuta a jiki ita ce abin dubawa na farko.

A 1912 Turawan Ingila suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Daga 1913 ta fara fito da taro, da sisi, da sule, da fataka, watau dala ko sule biyu. Suna ɗauke da hoton Sarki Joji na Biyar. Sule da fataka suna da itacen kwakwa a baya. Waɗanda aka buga daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 92 da rabi cikin 100. Bayan Yaƙin Duniya na Farko azurfa ta yi tsada ƙwarai. Saboda haka a 1920 aka koma buga su da tagulla. Na shekarar 1920 iri-iri ne, akwai mai azurfa, akwai na tagulla. Na bayan nan babu azurfa a cikinsu.

Kuɗin Ingila kanta ma sun shigo ƙasar nan. Nasu azurfa ce mai kyau har 1919. Daga 1920 zuwa 1946 rabi ne azurfa. Daga 1947 babu ko kaɗan.

Sulen Nijeriya na 1959 mai hoton Sarauniya Elizabet fari ne tas, amma ba azurfa ba ne. Haka ma kwabo biyar, da kwabo goma, da kwabo ashirin da biyar da suka fito tare da naira a 1973. Haka kwabo mai huji da anini. Waɗannan kayan tarihi ne na nuna wa jikoki, amma maƙeri ba zai saye su a farashin azurfa ba.

Akwai kuma riyal na Saudiyya da alhazan dā suka zo da shi. Shekarunsa na Hijira ne, kamar 1354 da 1367 da 1370. Azurfa ce mai kyau. A ƙasar Nijar da garuruwan kan iyaka ana samun tsohuwar dalar Faransa, watau faran biyar. Nauyinta giram 25, kashi 90 cikin 100 azurfa.

Liyari da shekarar 1780

Babban kuɗin nan mai faɗi, mai hoton wata mace, shi ne ya fi ruɗa mutane. Mutanen dā suna ce masa liyari. A gabansa akwai hoton macen, da lulluɓi a kanta. A bayansa akwai mikiya mai kai biyu. A gefensa kuma, duk kewaye, akwai rubutu mai tudu.

Macen ita ce Mariya Tareza, sarauniyar ƙasar Ostiriya. An fara buga kuɗi da hotonta a 1741. Fatake suka yaɗa shi zuwa Yaman da Habasha da Sudan. Ya ƙetaro hamada har Borno da ƙasar Hausa. Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano a 1851. Ya iske ana canza dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500.

Sarauniyar ta mutu a 1780. Amma 'yan kasuwa sun riga sun saba da kuɗinta. Sun yarda da nauyinsa, sun yarda da azurfarsa. Idan aka kawo musu wani dabam, sai su ƙi karɓa. Don haka aka ci gaba da buga shi yadda yake, ba a canza hoto ba, ba a canza shekara ba. An buga shi a Biyana. Daga baya aka buga a Landan, da Paris, da Rum, da Bombai ta ƙasar Indiya. Duka ana rubuta 1780. An buga fiye da miliyan 300. Gidan buga kuɗi na Biyana bai daina ba har yau.

Ke nan liyarin da aka buga a 1940 yana ɗauke da 1780. Wanda aka buga bara ma haka. Mutum zai duba shekarar, ya yi lissafi, ya ce kuɗin kakarsa ya haura shekara 240. Mai yiwuwa ne kakar ta girme shi. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton ma ba alamar tsada ba ne, kusan kowanne yana da su.

Wannan ba ya nufin liyari banza ne. Nauyinsa giram 28, kuma giram 23 da ɗoriya zallar azurfa ce. Dukiya ce. Sai dai dukiyar sikeli ce. Wanda ya kamata a tsaya a kansa shi ne mai wata shekara kafin 1780, kamar 1765 ko 1772. Irin wannan, in na gaske ne, tun sarauniyar tana da rai aka buga shi. A ware shi dabam.

Me masu tarawa suke nema?

Abu na farko shi ne ƙaranci. Abin da ke ko'ina ba ya tsada. Ga misali daga Amurka. Akwai wata dalar azurfa da suke kira Morgan. A 1921 an buga fiye da miliyan 80. A 1893 kuwa, gidan buga kuɗi na San Faransisko ya buga 100,000 kacal. Hoto ɗaya, nauyi ɗaya, azurfa ɗaya. Ta 1921 da ta sha hannu ba ta wuce kuɗin azurfarta da yawa ba. Ta 1893 mai ɗan harafin S a baya ana sayenta da dubban daloli. Bambancin duka shekara ce da harafi guda.

Sulallan Afirka ta Yamma ma suna da irin wannan harafi. A bayan waɗansu akwai H ƙarami, a waɗansu KN. Suna nuna masana'antar da ta buga su a yankin Bamingam ta Ingila. Wanda ba shi da harafi, a Landan aka buga shi. Mai tarawa yana haɗa shekara da harafi kafin ya yi tayi. Harafin ƙanƙane ne, sai an duba a cikin hasken rana, ko da tabarau.

Abu na biyu shi ne lafiyar jiki. Kuɗin da ya yi yawo a kasuwa yakan suɗe. A sule ana duban gemun sarki, da adon hularsa, da ganyen kwakwa. A liyari ana duban gashin sarauniya, da ɗan adon da ke kafaɗarta, da gashin mikiya. In duk sun fito raɗau, daraja ta ƙaru. In sun shafe, sai sikeli. Sule biyu masu shekara ɗaya, sabo da suɗaɗɗe, farashinsu na iya bambanta ninki goma ko fiye.

A nan ne yawancin kuɗin karkara suke faɗuwa. An huda su an yi sarƙa. An liƙa musu kunne an rataya a gashi, kamar yadda matan Fulani suke ado. An lanƙwasa waɗansu an yi zobe. Ado ne mai kyau, ba laifi. Amma a wajen mai tarawa, huji guda ya isa ya mai da kuɗi farashin azurfa.

Kada a goge

Azurfa takan yi baƙi in ta daɗe. Iska ce ke kawo haka, ba lalacewa ba ce. Mai kuɗi yakan ga baƙin, ya ɗauko toka, ko yashi, ko lemun tsami, ya dirje har ya yi ƙyalli. Yana ganin gyara ya yi. Alhali ya kankare fatar kuɗin, ya bar zane-zane da ba sa gyaruwa. Masu tarawa suna gane gogaggen kuɗi da kallo ɗaya, kuma suna rage masa farashi sosai. Baƙin nan ba ya damunsu, waɗansu ma sonsa suke yi.

A bar shi yadda aka same shi. A riƙe shi ta gefe, ba ta fuska ba. A naɗe kowanne dabam a takarda mai tsabta, don kada su gogi juna. A ajiye inda babu laima.

Jabu

Tun zamanin dā ake yin jabun liyari da sule, da dalma ko tagulla, a shafa musu fari. Ana gwadawa da maganaɗisu. Azurfa ba ta kama shi. In kuɗi ya manne, ƙarfe ne. Amma dalma da tagulla ma ba sa kamawa, don haka wannan gwaji bai isa ba.

Sikeli ya fi gaskiya. Liyari giram 28 ne. Fataka giram 11 da ɗoriya. Sule giram 5 da rabi da ɗoriya. Suɗewa na iya rage kaɗan. Amma liyarin da ya tsaya a giram 22 abin tuhuma ne.

Akwai kuma ƙara. A ɗora kuɗin a kan yatsa, a ɗan taɓa gefensa da wani. Azurfa tana amo mai tsawo, siriri. Dalma kuwa ƙwas take yi, ta yi shiru. Kada a buga kuɗi mai kyau a kan daɓe don jin ƙara, zai lotsa. Jabun da aka zuba a cikin ƙasa yakan yi ƙananan ramuka a fuska, rubutun gefensa kuma ba ya fita sosai.

Lissafi kafin ciniki

Ana sayar da azurfa a duniya da ma'aunin oza, watau giram 31. Farashin yana hawa yana sauka kullum. Mai waya yana iya duba shi a intanet.

Ga misali. Wata tsohuwa ta rasu, ta bar liyari 3 da sule 20 na 1913 zuwa 1919. Kowane liyari yana da azurfa giram 23. Uku sun ba da giram 69. Kowane sule yana da azurfa giram 5. Ashirin sun ba da giram 100. Jimla giram 169. A ce giram guda naira 1,000 ne, don sauƙin lissafi kawai. Kayan sun kama naira 169,000. Maƙeri zai rage wani abu, don shi ma riba yake nema. Amma magada sun riga sun san inda ciniki zai tashi.

Wannan lissafi yana hana rigima a rabon gado. Rabon ɗaya-ɗaya ba adalci ba ne. Liyari guda ya fi sule huɗu azurfa.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. A auna kaya a gaban mai su. A ji tayin mutum biyu ko uku. Wanda aka ware saboda shekararsa ko kyansa, kada a kai shi maƙera tukuna, don abin da aka narke ba ya dawowa. A ɗauki hotonsa gaba da baya, a nuna wa masani. Ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama na Kano, suna iya taimakawa wajen gane ko wane iri ne. Akwai littattafan farashi na masu tarawa, amma farashin ciki na kuɗi ne marar huji, marar gogewa. Dillali kuma ba ya biyan abin da ke littafi. Mai niyyar aika tsohon kaya ƙasar waje ya fara tambayar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, don ita ke ba da izinin fitar da kayan tarihi.

Baƙon da ya zo ya ce wani Bature zai sayi sule a kan miliyoyi, amma sai an fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji, ɗan damfara ne. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi daga mai sayarwa. Haka wanda ya ce a ba shi kayan ya kai birni a gwada, ya dawo. A bi shi da ƙafa, ko a riƙe kaya.

Aikin aji

1. Wani manomi yana da liyari 4. Giram nawa ne na azurfa a cikinsu?
2. Ga sule uku: na 1916, na 1938, da na 1959. Wanne ne na azurfa?
3. Me ya sa shekarar 1780 ba ta nuna tsufan liyari?
4. Mai tsohon kuɗi a gida ya kwafi shekararsa da harafinsa a littafi, ya kawo aji a karanta.