Safaya Ko Akwatin Faci?

A da, duk motar da ta fito daga kamfani da taya biyar take fitowa: huɗu a ƙasa, ɗaya a kwance cikin but ko a rataye a baya. Ta biyar ɗin ita ce safaya. Yanzu abin ya sauya. Mutum zai sayi mota 'yar Beljiyam mai kyan gani, ya ɗaga shimfiɗar but, ya tarar babu taya, babu jak, babu sifanar kwance noti. Sai wani ɗan akwati, a cikinsa da ƙaramin famfo mai aiki da lantarki, da kwalbar wani farin ruwa mai kauri. Wasu sukan ce an sace safayar ne a hanya. Wani lokaci an sace ɗin. Amma sau da yawa haka motar ta baro kamfani.

Kamfanonin suna da dalilansu. Cikakkiyar safaya da jak da sifana sukan kai kusan kilo 20, kuma mota tana shan mai gwargwadon nauyin da take ɗauke da shi. A Turai doka ta matsa wa masu ƙera mota su rage hayaƙin da motocinsu ke fitarwa, don haka duk abin da zai rage nauyi maraba suke yi da shi. Ga shi akwatin ya fi taya araha, ga but ya ƙara faɗi. A motoci masu aiki da lantarki kuwa, batir ne yakan cinye wurin safayar. Sannan direban Jamus ko Faransa, in tayarsa ta fashe, waya zai buga a zo a ja motarsa.

Lissafin ya yi daidai a can. Sai dai motar nan da aka ƙera domin titin Jamus, yau tana tsakanin Damagaram da Agadas, tafiyar fiye da kilomita 400, ko tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri da kaya har rufi. A nan dole mai mota ya sake lissafi da kansa.

Yadda akwatin faci yake aiki

Ka taka ƙusa, iska ta fara fita. Sai ka tsaya a gefe, ka bar ƙusar a inda take, kada ka zare ta. Ka haɗa kwalbar da famfon, ka ɗaura bakin tiyo a kan bawul ɗin taya, ka soka wayar famfon a ramin kunna sigari na cikin mota, ka tayar da inji. Famfon zai tura ruwan cikin taya, sannan ya bi shi da iska. Idan iska ta kai yadda ake so, sai ka kwance tiyo ka ja motar nan take. Juyawar taya ce take baza ruwan a ciki har ya kai ga hujin ya toshe shi. Bayan tafiyar kamar minti goma, ka tsaya ka sake auna iskar. In ta tsaya, ka ci gaba a hankali, kada ka wuce gudun kilomita 80 a awa, har ka isa wurin mai faci.

Daɗin abin a fili yake. Ba ɗaga mota, ba kokawa da noti, ba ɓata riga. Dattijo zai iya, matar da ke tuƙi ita kaɗai za ta iya, mai ciwon baya ma zai iya. A wurin da tsayawa take da haɗari, kamar kwana ko daji da dare, rage lokacin da za ka yi a bakin titi ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ruwan nan ƙaramin huji kawai yake toshewa, wanda faɗinsa bai wuce kamar milimita 4 zuwa 6 ba, wato kaurin ƙusa ko sukuru. Kuma sai hujin yana kan fuskar taya mai zane, wadda take taka ƙasa. Idan gefen taya ne ya tsage, ko ka faɗa rami rim ya lanƙwashe, ko tayar ta yi bindiga gaba ɗaya, ko ka ɗura kwalba goma ba abin da za ta yi. Nan ne gizo yake saƙar, domin a hanyoyinmu rami da kaifin bakin kwalta da zafin rana suna kashe taya ƙwarai, kuma irin wannan mutuwar, ruwan ba ya tayar da ita.

Akwai sauran matsaloli. Kwalbar sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ba kowace kasuwa ake samun sabuwa ba. Ruwan yana da wa'adi, an rubuta shi a jikin kwalbar. Motar da ta yi shekara takwas ko goma a hannun Bature kafin ta iso gare ka, mai yiwuwa wa'adin ruwanta ya daɗe da wucewa, ga zafin but ɗinmu yana ƙara lalata shi. Haka kuma an yi shi ne domin taya marar tub. Idan mai faci ya taɓa saka maka tub a ciki, kamar yadda ake yawan yi wa tsofaffin tayoyi, kada ka dogara da shi. In ka yi amfani da shi, ka gaya wa mai faci tun kafin ya buɗe tayar, don sai ya wanke cikinta tas kafin facinsa ya kama.

Akwai kuma wani kayan facin daban, wanda masu faci da kansu suke aiki da shi: zare mai kauri mai danƙo, da abin buɗa huji, da allura mai mariƙi. Shi ana zare ƙusar ne, a gyara hujin, a cusa zaren, a yanke abin da ya yi saura, a ba taya iska. Yana da araha, ba ya cin wuri, zai yi maka faci da yawa. Amma yana son ƙarfin hannu, kuma shi ma ba ya maganin gefen taya.

Safaya iri biyu ce

Akwai cikakkiya, wadda girmanta ɗaya da sauran huɗun. Ita ce uwar ɗaki: da ka ɗaura ta, tafiya ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Akwai kuma siririya, wadda ake gani a motocin Japan da Amurka da yawa. Ita ta fitar da kai daga daji ce kawai. A jikinta akwai takarda mai lamba 80, ma'ana kada ka wuce kilomita 80 a awa. Iskarta ma daban ce. Tayar ƙaramar mota takan sha tsakanin 30 da 35 a ma'aunin mai faci, ita kuwa siririya yawanci 60 take so, wato 4.2 a ma'aunin da aka fi sani a Nijar. Da yawa ba su san haka ba, sai su ba ta 35 su hau titi da lodi. Wanda ya bar siririya a ƙafar mota mako guda yana harkokinsa, da ransa yake wasa, domin ba ta riƙe titi ko birki kamar cikakkiya.

Babban aibin safaya shi ne mantuwa. Tana kwance a but shekara da shekaru, iska tana zurarewa kaɗan-kaɗan, sai ranar da ake nemanta a same ta a lotse. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da ka tsaya shan iska, ka ce wa mai faci, "Malam, a duba min har da ta but." Ka gwada jak ɗinka a gida ka ga yana ɗagawa, ka gwada sifanar ka ga ta kama notin.

Ga wurin da karatu zai yi maka rana. Duba gefen tayarka, za ka ga lambobi kamar haka: 195/65 R15. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta ƙarshe, 15, girman rim ne da inci. In za ka sayi cikakkiyar safaya, lambobinta su zama daidai da na tayarka. Sai ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshensa, inda akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Kamfanin Michelin ya ba da shawarar a sauya duk tayar da ta cika shekara 10, har da safaya, ko da zanenta bai goge ba. Mai sayar da tayar gwanjo zai nuna maka zane. Kai ka nemi lamba.

To, wanne za a ɗauka? Ra'ayina, a ƙasarmu safaya ce gaba. Wanda duk zirga-zirgarsa cikin gari ce, daga gida zuwa ofis ko kasuwa, inda kowace kwana akwai mai faci a gindin bishiya, akwatin zai iya fitar da shi kunya. Amma direban haya, da mai zuwa cin kasuwannin ƙauye, da duk mai doguwar tafiya, ya nemi cikakkiyar safaya ko da za ta cinye masa rabin but. A Najeriya ma ba zaɓi ba ne kawai: jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna tambayar safaya in sun tsayar da mota, kuma rashinta laifi ne da ake cin tara a kai. Sai dai kada ka yar da akwatin. Famfon cikinsa ya fi ruwan daraja nesa ba kusa ba. Da shi za ka cika safayar da ta sace, da shi za ka riƙa lallaɓa tayar da ke zubar da iska a hankali har ka kai gari.

In motarka ba ta zo da safaya ba, ka shiga kasuwar kayan mota, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, da motar kanta, ba da hotonta ba. Ka ƙirga ramukan notin rim, huɗu ne ko biyar. Ko yawansu ya yi daidai, tazarar da ke tsakaninsu takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a ɗaga motar a ɗaura tayar a gabanka, a juya ta ka ga ba ta gogar birki. Wasu motocin, musamman Mercedes, safayarsu ta rim ɗin ƙarfe takan buƙaci gajerun notuna na daban, ka tambaya. Ka haɗa da jak da sifana, da ɗan katako mai faɗi da za ka shimfiɗa a ƙarƙashin jak in faci ya same ka a kan yashi. Idan kuma tayoyinka suna da notin nan na hana sata, wanda sifana ba ta kama shi sai da bakinsa na musamman, ka karɓi bakin a hannun dillali kafin ka biya kuɗin motar.