Daji a Baki da Maƙogwaro: Ba Wuƙar Likita ce ke Yaɗa shi Ba

Aikina duba masu ciwon kunne, hanci da maƙogwaro ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake turo mana Tamale 'yan'uwanmu ne na zangunan Salaga, Yendi da Bawku. Maganar da na fi ji a bakinsu da zarar an ambaci tiyata ita ce, "Likita, ai daji ba ya son ƙarfe." Wato in wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na san inda maganar ta samo asali. Mutum ya yi shekara yana shafe-shafe da turare a gida, sai da numfashi ya gagara aka kawo shi, aka yi abin da za a iya, bayan 'yan watanni Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki sai a ce aikin ne ya kashe shi. Ba wanda ke lissafa shekarar nan da aka ɓata.

Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, kuma gara in faɗe ta. Ƙari a wuya ba a tsaga shi da ka. Idan wanzami ya yi masa sakiya ko ya kafa ƙaho, zai iya buɗe wa ciwon hanya zuwa fata ya zama gyambon da ba ya rufewa. Mu kanmu ba ma farawa da yanka. Siririyar allura muke sawa mu zuƙo ɗan abin da ke ciki, ko mu ɗebi ɗan tsoka daga inda ciwon ya tsiro, a kai ɗakin gwaji. Sai sakamako ya fito muke kiran abin da sunansa, domin ba kowane kumburi ne daji ba. Kaluluwar wuya tana iya zama tarin fuka, kuma maganinsa kyauta ne a Ghana. Yawancin maƙoƙo ba daji ba ne. Yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, sau da yawa dajin nan ne da Dokta Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, wanda ba tiyata ake masa ba, allurai ne, kuma yana jin magani sosai.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, girman aikin da za a yi wa mutum ya danganta da lokacin da ya zo. Ɗauki maƙogwaro. Dajin da ya fara a kan tantanin murya yana tona kansa da wuri, don murya ce ke dishewa. A wannan mataki ana iya cire shi ta cikin baki ba tare da an yanka wuya ba, ko a yi masa gashi da na'ura, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa da muryarsu. In aka bar shi ya cika maƙogwaro, sai dai a cire akwatin muryar gaba ɗaya, a buɗe ƙofa a gindin wuya wadda mutum zai riƙa numfashi ta nan har ƙarshen rayuwarsa. Aikin ba sabo ba ne, tun 1873 Theodor Billroth ya fara yin sa a Biyana, kuma yana ceton rai. Amma ga ladani, ko malamin makarantar allo, ko mai kiran fasinja a tasha, rashin murya ba ƙaramin abu ba ne. Akan koya wa mutum magana ta hanyar haɗiyar iska, akwai kuma ɗan bututun da ake sawa da na'urar da ake dafawa a wuya, sai dai samunsu a nan arewa da wuya. Zai kuma kiyaye ruwa wajen wanka, ba zai ƙara shiga rafi ba. Tambayar da dattawa suka fi yi mini ita ce ta karatun salla. Nakan ce su tuntuɓi malamansu, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce an tsananta masa ba.

A baki ma haka ne. Ƙaramin gyambo a gefen harshe ana yanke shi da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, a ɗinke, mutum ya ci tuwonsa bayan 'yan makonni. Wanda ya ci ƙashi kuwa sai an cire ɓangaren muƙamuƙi, a ɗauko tsoka daga ƙirji a toshe gurbin, ko a manyan cibiyoyi a ɗauko ƙashi daga ƙafa a sake gina haɓar. Kusan kullum akan haɗa da kwashe kaluluwar wuya, domin can ne ciwon ke fara sauka in ya tashi tafiya. 'Yan'uwa sukan ce, "Ciwo a harshe, me ya kai ku wuya?" Amsar ke nan.

Akwai wanda ba a cika taɓa shi da wuƙa ba, wato dajin da ke can bayan hanci. Gashi da allurai ne maganinsa. Yakan zo wa matasa, da toshewar hanci ɓari ɗaya, haɓo, kunne ɗaya ya toshe, ga ƙari a wuya da ba ya zafi.

Gashin nan shi ne inda tafiya ke yin nisa. Cibiyoyin gwamnati da ke yin sa suna asibitin Komfo Anokye a Kumasi da Korle Bu a Ankara. Ana yin sa kwana 5 a mako, har mako 6 zuwa 7, kuma wanda aka yi wa tiyata ana so ya fara cikin mako 6. Mutumin Bawku sai ya bi Bolga ya sauka Tamale kafin ya kama hanyar kudu. Na Salaga yakan tsallake ruwa daga Makango zuwa Yeji ya nufi Kumasi, kusan hanyar da kakanninsa suka bi fataucin goro. Katin inshorar lafiya bai cika ɗaukar dajin kai da wuya na manya ba, don haka ina faɗa wa iyali tun ranar farko su zauna su yi shawarar kuɗi, da masauki, da wanda zai yi jinya. A nan zumuncin zango yake amfani, don da wuya a rasa ɗan'uwa a Aboabo ta Kumasi ko Nima ta Ankara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne a sayar da shanu a yi tiyata, sannan a katse gashi a mako na 3 saboda guzuri ya ƙare. Kafin a tafi a ga likitan haƙori, kuma in an ce a sa robar abinci ta hanci kada a ɗauke ta alamar mutuwa. Mai yunwa ba ya jure gashi.

Kan dalilin ciwon ba zan ja ba. Taba ce kan gaba, ta zuƙa da ta shaƙa da garin da ake dannawa a leɓe da kanwa, sai giya, pito ne ko akpeteshi, kuma in sun haɗu haɗarin ninkuwa yake. Ana yawan tambayata kan goro. Ba shi ne ɗan itacen da mutanen Indiya ke taunawa wanda aka tabbatar yana kawo daji ba, amma jan da yake bari yana ɓoye tabo. A wanke baki a duba madubi. Kuma wanda bai taɓa shan taba ba ma yana iya kamuwa.

Don Allah 'yan'uwa, muryar da ta dishe ta wuce mako 3, gyambon baki da ya ƙi warkewa tsawon haka, haƙorin da ya yi girgiɗi babu dalili, abinci na tsayawa a wuya, ko ƙari da ke girma ba zafi, ba na kemis ba ne. Ku je asibitin gwamnati na Salaga ko na Yendi, ko asibitin Presby na Bawku, ku ce kuna son takardar zuwa wurin likitan maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tamale. Leƙawa da ɗan siririn madubi ta hanci 'yan mintoci ne, mutum na zaune a kujera idonsa biyu. Ku zo da duk takardun da aka taɓa ba ku, ku kuma zo da wanda ke da ta cewa a gida.