Gwada Sabon Tsarin Kwamfuta Kusa Da Tsohon

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kamar yadda ya saba. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san Linux, watau tsarin da Linus Torvalds, mutumin Finlan, ya fara a 1991. Kyauta ake samunsa, ana kuwa iya zaunar da shi kusa da Windows cikin kwamfuta guda. In an kunna ta, sai ta tambaya wanne za a shiga.

Amma kada malami ya yi garaje. Da fari, lalle ya kwafe rajistar haraji da wasiƙu duka ya ajiye dabam, gama wajen yanka wa sabon tsari wuri a faifan ajiya ake yin ɓarna. Kuskure ɗaya ya isa ya share aikin shekaru.

Sa'an nan ya sa Ubuntu, wani irin Linux, a filashi, ya gwada daga nan, tun bai taɓa faifan ba. Ya duba ko firinta na aiki, ko ƙ da ɗ da ɓ na fita sosai. In ya gamsu, ya ware masa gigabait 25 ko fiye.

Hakimi kuwa kada ya ba da izini sai ya ga kwafin nan da idonsa.