Wa Za Ka Danƙa Wa Ɗanka? Tazkiyar Masu Riƙon Yara A Shari'a

 

Darasinmu na wannan mako a kan amanar yara ne, watau waɗanda ba su balaga ba da a kan ɗauke daga gaban iyayensu a kai su wani gari da sunan ilmi. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta ke shirya musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa. Yaro kan fara tun daga ƙaramar hukumarsa, in ya yi fice a kai shi ta jiha, daga nan ta ƙasa, kuma a cikin masu shiga akwai 'yan izu biyu da izu goma waɗanda da yawansu yara ne ƙanana. Ban da wannan, ga darussan hutu da ƙungiyoyin ɗaliban jami'a kan shirya, inda yara kan kwana a makaranta mako ɗaya ko biyu. Duk waɗannan ayyukan alheri ne, ba kuma zargin kowa mu ke yi ba. Amma uban da ke Sabon Birni ko Isa, wanda ya sa ɗansa a mota aka nufi Sakkwato da shi ta hanyar Goronyo, yana da hakkin ya san abu biyu: wa ya ba da iznin wannan tafiya, kuma wa ya binciki mutumin da yaron zai kwana a hannunsa?

A da, irin wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa a ƙasar Gobir. Malamin da zai tafi ci-rani da yara an san ubansa, an san gonarsa, an san wurin wanda ya yi karatu, mai unguwa da liman duk sun san halinsa. Yau kuwa ta'adin 'yan bindiga ya watsa ƙauyuka da yawa na gabashin Sakkwato. Wasu sun taru a garin Sabon Birni da Isa, wasu sun gangaro Sakkwato, wasu kuma tun 2019 sun ƙetara zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi. Wanda ya rasa gida da gona, in wani ya zo ya ce zai ɗauki ɗansa ya ilmantar da shi kyauta, da wuya ya tsaya tambaya. Sanayyar da ke tsare yara a da ta yi rauni, saboda haka lalle ne a sami abin da zai maye gurbinta.

Wasu kan ce ai binciken malami ko mai aikin sa kai munana zato ne, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurati, aya ta 12, ya hana yawan zato da bin diddigin asirin mutane. Haka ne. To, amma abin da aka hana shi ne tonon abin da mutum ya ɓoye tsakaninsa da Ubangijinsa, ba tare da wani hakki ya rataya a kai ba. Wanda kuwa ya fito ya nemi a ba shi 'ya'yan mutane, shi da kansa ya buɗe ƙofar a tambayi halinsa. A aya ta 6 ta wannan sura ɗin an umurci muminai da tabbatar da labari kafin aiki da shi. A Suratul Ƙasasi, aya ta 26, a cikin ƙissar Annabi Musa a Madyana, an ambaci siffa biyu ta wanda ya cancanci a ɗauka aiki, watau ƙarfi da amana, alhali aikin nan kiwon dabbobi ne. To, ina ga kiwon 'ya'yan Musulmi?

Malaman fiƙihu suna da babi sukutum a kan wannan, shi ne tazkiyar shaidu. A mazhabar Malikiyya alƙali ba ya karɓar shaidar wanda bai san adalcinsa ba sai an sami adalai sun wanke shi. Sun kasa wannan gida biyu: akwai tazkiya ta bayyane, wadda a kan yi a gaban majalisa, akwai kuma ta sirri, inda alƙali kan aiki amintaccensa ya tambayi maƙwabtan mutum da abokan hulɗarsa a asirce. An ruwaito cewa wani ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko hulɗar kuɗi ta taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa sani ba. Ku duba fa, duk wannan tsanani a kan shaidar da watakila ba ta wuce rikicin jaki ko iyakar gona ba ne.

Malaman hadisi ma haka su ka yi. Muhammadu bin Sirina, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, ya gargaɗi mutane da su duba wanda su ke karɓar ilmi daga gare shi, domin addininsu ne su ke karɓa. Daga irin wannan tsantseni ne ilmin jarhu da ta'adili ya tsiro, inda aka rubuta halin dubban maruwaita, mai gaskiya da maƙaryaci, ba wanda ya ce an ci namansu. Imamu Nawawi ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, ɗaya daga ciki shi ne gargaɗin Musulmi da yi musu nasiha in sun nemi shawara. Daga hujjojinsa akwai hadisin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, da ta nemi shawarar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan maza biyu masu neman aurenta, ya kuwa faɗa mata aibin kowannensu. Saboda haka shugaban makarantar da aka tambaye shi halin tsohon malaminsa, ya san ya sallame shi ne saboda taɓa yara, amma ya rubuta masa takardar yabo don a rabu lafiya, wannan ba rufin asiri ya yi ba, ha'inci ya yi wa yaran makarantar gaba.

Game da izni kuwa, magabatan Malikiyya ba su bar malami ya yi yadda ya ga dama ba. Muhammadu bin Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya wallafa Adabul Mu'allimina, inda ya bayyana cewa malami ba ya wuce bulala uku wajen horo sai da iznin uba, ba ya kuma aiken yara biyan bukatun kansa. Ibnul Hajji a cikin Madkhal ya so makarantar yara ta kasance a kasuwa ko bakin hanya, inda idon jama'a ke kai, don nisantar tuhuma. A babin renon yaro kuwa, Mukhtasar na Halilu ya sharɗanta amanar mai reno da tsaron wurin da za a ajiye yaron. Wannan sharaɗi na tsaron wuri ba magana ce ta littafi kawai ba a wurinmu: a watan Maris na 2024 aka sace almajirai 15 da dare daga wata tsangaya a Gidan Bakuso cikin ƙaramar hukumar Gada. Wanda zai ba da iznin tara yara dole ya je ya ga inda za su kwana da idonsa.

A nan ƙasar ma muna da abin koyi. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta kafa tsarin 'Yan Taru, ba ta bar kowace mace ta tashi ta ja ayarin mata da 'yan mata zuwa karatu ba. Ita ke naɗa jaji, dattijuwa amintacciya, ta ba ta malfa da jan ƙyalle, kowa ya gan ta ya san da iznin wa ta ke tafiya.

Turawa sai da wuya ta koya musu. A 2011 aka kama wani tsohon mataimakin mai koyar da ƙwallo na Jami'ar Jihar Fensilbaniya a Amurka, mai suna Jerry Sandusky, wanda ya kafa ƙungiyar taimakon yara marasa galihu, ya riƙa shigo da su harabar jami'ar. A 2012 kotu ta same shi da laifi 45 na lalata da yara goma. Bayan wannan ne jami'o'i da yawa a can su ka kafa doka cewa ba a shirya wani taro na yara da sunan jami'a sai an yi masa rajista an amince, kuma a binciki tarihin kowane babba da zai yi aiki da su. Amma abin lura a labarin nan shi ne, mutumin ba shi da wani tsohon hukunci da takarda za ta nuna. Tun 2001 wani ya ga abin da ya gani ya kai rahoto ga manya, maganar ta mutu a ofis saboda gudun ɓacin sunan makaranta. Don haka ne su ka ƙara da ƙa'idar cewa babba ɗaya ba ya kaɗaita da yaro, kuma wanda ya ga abin tuhuma dole ya sanar da hukuma.

Kada mu ɗauka wannan cutar nesa ce. A watan Satumba na 2019 'yan sanda su ka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, kuma da yawansu iyayensu ne su ka kai su da hannunsu, suna zaton gyaran hali a ke yi. A watan Nuwamba na shekarar aka buɗe rajistar ƙasa ta waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe, a ƙarƙashin hukumar NAPTIP. Jihar Sakkwato ta sami dokar kare yara a ƙarshen 2021, a 2023 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar ilmin almajirai da yaran da ba sa makaranta. Kayan aiki dai sun samu, saura amfani da su.

A ganina, jami'a ko ƙungiyar da za ta tara yara ta haɗa tazkiya biyun nan da malamai su ka faɗa. Ta bayyane ita ce takardar shaidar hali daga 'yan sanda da duba waccan rajista. Ta sirri kuwa, wadda na fi ba ƙarfi a irin ƙasarmu da yawancin laifi ba ya kai wa kotu, ita ce a aiki mutum ya tambayi limamin unguwar mai neman aikin da makarantar da ya bari, ba wanda shi ya kawo da kansa ya yabe shi ba. Kada kuma a ware kowa: alaramma da direba da mai dafa abinci da ɗalibin jami'a mai aikin sa kai duk ɗaya ne a nan, har ma na kan ga an fi sake wa mai babban rawani, alhali shi yaro ya fi jin nauyin faɗin abin da ya yi masa. Iznin waliyyi ya zama a rubuce, da sunan wanda ya karɓi yaron da ranar da zai komo da shi, hakimi ko mai unguwa ya san da fitarsu. 'Yan mata kuwa mata ne za su riƙe su, dare da rana.

Malamin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Manzon Allah da kansa, sa'ad da wasu Ansaru biyu su ka gan shi da dare tare da mace, tsayar da su ya yi ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya.

Saura mas'ala ɗaya. In yaro ya kawo ƙara, ba a cewa ya kawo shaidu huɗu kafin a saurare shi, domin wancan sharaɗi na tsai da haddi ne a gaban alƙali, ba na kare yaro daga cuta ba. Abin yi shi ne a raba wanda a ke tuhuma da yaran nan take, a kame baki daga yayata maganar don gudun ƙazafi, a miƙa ta ga hukuma ta bincika. In ya fita, a mai da shi bakin aikinsa, a kuma wanke shi a gaban waɗanda su ka ji tuhumar. A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin lamuni a kan malami in yaro ya ji rauni ko ya ɓata a hannunsa.