Yadda ake rufe furfura da lalle da baba a gida

Furfura a gaban goshi take fara fitowa, daidai inda ɗankwali ke zamewa. Mai son rufe ta a Sunke ko Gummi ba sai ta yi tattaki zuwa Gusau ba. Lalle ya wadatar, muddin kin san inda ya fito da turmin da aka daka shi.

Maganar turmi ba wasa ba ce a wannan yanki. Sunke na cikin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da gubar dalma ta afka wa a 2010, tare da Dareta da Abare da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Don haka kada lallenki ya shiga turmi ko injin niƙan da ya taɓa ganin dutse. Garin dutsen yana tashi a shaƙe shi, yana maƙalewa a hannu, yaro ya kai baki. In da hali ki sayi busasshen ganye ki daka da kanki. Tozalin dutse ma ɗanyar dalma ce, kada a goga shi a gira ko a gemu don ɓoye fari.

Sai dayis, baƙin garin da ke kamawa cikin mintuna. Saurinsa na ruɗi. Sinadarin da ke cikinsa, PPD, yana sa wasu kumburin fuska da ƙurajen ruwa, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Ni dai ba na ba kowa shawararsa. Kowane rini za ki yi, ko lalle ne na leda, ki ɗiga kaɗan a bayan kunne ki jira awa 48. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, ki haƙura.

Ki fara da tankaɗe garin lallen. Rariya mai laushi, sau biyu, domin duk tsinken da ya tsallake zai maƙale a gashi ya ba ki wahalar wanki. Cokali shida zuwa takwas na cin abinci sun isa matsakaicin gashi. Ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ki matsa rabin lemun tsami ko ki zuba ɗan jiƙon tsamiya, har ya yi kaurin kunu mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali. Ki rufe ki ajiye. Da zafin bazara awa biyu zuwa uku sun isa, da hunturu ki bar shi ya kwana. Alamar ya nuna ita ce samansa ya yi duhu, kuma in kin ɗiga a tafin hannu na minti biyar ki goge, ki ga tabo ruwan goro.

Kafin nan kin tsefe kitso, kin wanke kai da sabulu, ya bushe. Nan ne mata da yawa ke yin asarar lallensu: gashin da ke da mai ba ya karɓar rini. Man kaɗanya a fata yake da amfani, ki zagaya da shi bakin goshi da kunnuwa da ƙeya. Wadda ta sa man miƙar da gashi ta jira mako biyu.

Ki ɗaura leda a hannu, ki raba gashin gida huɗu. Daga tushe ake farawa, kuma daga gaba, inda farin ya fi yawa. Ki tsaga layi da matsefi, ki cusa lallen har ya taɓa fata, ki sake tsaga wani kusa da shi. Kada ki yi rowa, ki lafta har gashin ya ɓace. Ki naɗe kan da leda, ki ɗaura tsohon ɗankwali, domin lalle da ya bushe ya daina aiki. Awa uku zuwa huɗu, sannan ki ɗauraye da ruwa zalla.

Za ki ga furfurar ta yi ja wur, baƙin gashin kuwa bai canza ba sai ɗan sheƙi a rana. Kada ki firgita, cikin kwana biyu zuwa uku jan zai nuna ya yi duhu.

Wadda ja bai yi mata ba, sai baba. A sami garin ganyensa tsantsa, ba ruwan marina ba, wanda ke da toka ko sinadari mai cin fata. Shi baba ba ya son tsami kuma ba ya jira: ruwan ɗumi kawai, bayan minti 15 ki shafa a kan gashin da ya sha lalle, ranar ko washegari, ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu. In aka sa shi a kan fari kai tsaye, kore-kore yake bayarwa. In aka haɗa kashi biyu na lalle da kashi ɗaya na baba aka shafa lokaci guda, ruwan ƙasa ake samu.

Wannan ruwan ƙasan ya fi baƙi kwanciyar hankali ta fuskar addini. Muslim ya ruwaito cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza shi amma a nisanci baƙi. Littafin Risala ma ya karhanta rina gashi baƙi, ya halatta lalle. Malam mai gemu, hanyar ɗaya ce, sai dai gashin gemu ya fi taurin kai, yakan so a maimaita. Launin da ya rage bayan wanki ba ya hana alwala.

Lalle yana busar da gashi, sai ki bi shi da man kaɗanya washegari. A nisanta kwaɓin daga jarirai, akwai masu wata larurar jini ta gado da yake wa illa. Gashi na tsiro kusan santimita ɗaya a wata, saboda haka bayan mako huɗu zuwa shida farin layi zai leƙo a tushe. Shi kaɗai za ki shafa wa, ba dukan kai ba.